Shekarar da Zalika Ta Koma Rubutu Daga Tsakiya

Ku ɗiyana, kun tashi kun iske ana cewa yayarku Zalika ba ta da kan karatu, shi ya sa ita kaɗai a cikinku ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Kun ji shi a bakin maƙwabta, kun ji shi a bakin gwaggwanninku, wasunku ma sun maimaita shi a gabanta cikin wasa, ita kuma ta taya ku dariya. To wannan magana daga bakina ta fara fita, kuma ƙarya ce. Na san ƙarya ce tun ranar da na faɗe ta. Shekara da shekaru ina jin tana yawo cikin dangi ban tsayar da ita ba, domin tana rufa mini asiri. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, ina so in rubuta yadda abin ya kasance tun ina iya riƙe bik, alƙalamin nan na boko.

Sai kun fara sanin ko wane ne ni a lokacin. Karatuna na allo ne, wajen wani malami a ƙetaren gada, ɓangaren Gaya, kuma ban sauke ba. Na tsaya a hanya na dawo Malanville neman abinci. Abu ɗaya na fito da shi daga makaranta, shi ne hannu. Ajamina yana da kyau, wannan ba yabon kai ba ne. Da shi na samu wurin zama a rumfunan albasa. In an cika buhu an ɗinke, kafin a loda shi a kamyo, babbar motar kaya mai zuwa Kwatano, ni ke rubuta sunan mai shi a jiki da tawada da kara, don kada kaya su cakuɗe a hanya. Wanda ke son aika wasiƙa gida ma wurina yake zuwa. Da haka aka fara kirana Malam Idi. Ni ba malami ba ne, amma ban taɓa gyara wa kowa ba. Sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Zalika ce ta fari, saboda haka ni da uwarku Mariyama ba mu kama sunanta. “Ke” nake ce mata, uwarku kuma ta ce “yarinyar nan”. Amma ko da baki ba ya faɗa, ina ji da ita. Tun tana da shekara biyar, in na zauna ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida ina haɗa tawada, sai ta zo ta tsuguna gefena da tsinke tana kwaikwayona a ƙasa. Ban zaunar da ita na koya mata ba, da ido ta ɗauka. Wata rana na duba na ga alif da ba da ta jere a kan rairayi, daga dama zuwa hagu, har da ɗigo. Na kira Iya, kakarku, na nuna mata da ƙafa. Iya ta ce, “Ai hannunka ne sak, sai dai nata ya fi tsabta.”

Shiga lakwal shawarar uwarku ce. Ita ’yar Madekali ce, ƙabilarta Dendi, kuma tun ranar da ta kai ƙanwarta likita aka miƙo mata takardar magani ta rasa ina sama ina ƙasa, ta ƙudura a ranta cewa ɗiyarta ba za ta tsaya haka a gaban kowa ba. Ban hana ba. Bayan damina na kai yarinyar da kaina, aka ɗinka mata kaki, aka saya mata arduwazi, wato ɗan baƙin allon da yara ke rubutu a kai da alli, da soso na gogewa. An saya mata kaye guda, wato littafin rubutu, da bik, amma aka ce a ajiye su, ba a ba yaro takarda sai hannunsa ya zauna a kan arduwazi. Ta naɗe kayen cikin ɗankwalin uwarta ta sa ƙarƙashin tabarma, kullum sai ta ciro ta shinshina ta mayar.

Malamarsu mutuniyar kudu ce, ba ta jin Hausa, ba ta jin Dendi. Madam kawai muke ce mata. Sati na farko yarinyar ta dawo da gudu ta miƙo mini arduwazi. Na duba, ban ga harafi ba. Layuka ne a tsaye, sun jeru kamar shingen kara.

Na ce, “Mi ne ne wannan?”

Ta ce, “Sanduna ne, Baba. Madam ta ce sai sun miƙe, kan kowa ya taɓa layin bisa.”

“Ina karatun?”

“Shi ne wannan.”

Sati na biyu sanduna masu kwanciya. Na uku ƙwallaye. Bayan su wasu ƙugiyoyi kamar na masunta, sannan wata igiya mai lanƙwasa tana hawa tana sauka ba a ɗaga hannu. Iya takan karɓi arduwazin ta ce, “Ƙawata, yau ma ƙwai kunka yi? To kawo a soya.” Yarinyar ta yi ta dariya, ta tsaya tsakar gida tana nuna mana yadda ake yi a aji. Madam za ta juya musu baya ta ɗaga hannu ta zana abin a iska, su ma su zana a iska. Sannan su zana da yatsa a kan tebur. Sai ta buga tebur sau ɗaya su ɗauki alli, ta buga na biyu kowa ya ɗaga arduwazi sama da kai, ta bi da ido. Uwarku tana tankaɗe tana murmushi. Ni kuwa raina ɓaci yake yi. A wurina, yaron da ya je makaranta ranar farko ake rubuta masa harafi mai suna. Wata biyu ana zanen ƙwai, na ce wannan wasa ne da ’ya’yan mutane. Ban je na tambayi dalili ba. Ba na jin Faransanci, kuma na tsani in tsaya gaban mace ana yi mini tafinta kamar yadda ake yi mini a duwan, wajen ’yan kwastan na bakin iyaka.

Da haruffa suka fara zuwa, sai na lura da inda take ɗora alli. Madam takan sa musu ɗigo a kusurwar hagu ta sama, daga nan ake farawa a tafi dama. Kada in yi muku ƙarya a kan ƙarya: na san rubutun boko daga hagu yake tashi. Kullum ina ganinsa a jikin motoci. Amma ganinsa a jikin mota daban ne da ganinsa a hannun ɗiyata, hannun da ya ɗauki ajami da ido tun bai iya ɗaura zane ba. Sai na ji kamar an shigo gidana an juya mini abu.

Wataƙila da na haɗiye, ba don Alhaji Sanda ba, mai rumfar da nake zama. Mutum ne mai barkwanci, bai nufi sharri ba. Ranar kasuwa, rumfa cike, ina durƙushe a kan buhu, ya ce:

“Malam Idi, an ce ka kai ɗiya lakwal? Ashe Malam ya haifi bahaguwa. Gobe kana rubuta buhu daga kai, ita tana biyo ka daga wutsiya, ku haɗu a cibiya.”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma na dawo gida da ita a ƙirji kamar ƙaya. Bayan la’asar na shimfiɗa tabarma na kira yarinyar na ce ta kawo arduwazi. Na ce mata daga yau duk abin da za ta rubuta a gidan nan, na Madam ne ko nawa, daga dama za ta fara. Da dama muke ci, da dama muke gaisawa, da dama muke shiga masallaci, ba za a mayar mini da ita baibai ba.

Ta ce, “Baba, ga ɗigon Madam nan.”

Na sa babban yatsa na goge ɗigon.

Abin da ban sani ba, kuma ban tsaya na duba ba, shi ne haruffan da ake koya musu a haɗe suke. Kowane harafi yana da ’yar wutsiya da ke miƙawa dama don ta kama na gaba. Duk sandunan nan da ƙugiyoyin da na raina, hannu ake horarwa ya saba da wannan tafiya. In ka tilasta yaro ya taso daga dama, wutsiyar ba ta da abin kamawa. Yarinya mai wayo, sai ta juya haruffan su fuskanci inda take tafiya. Cikin wannan ya koma bayan wancan. Ni ina gani ina cewa madalla, tunda ban san fuskarsu ba balle in san an juya ta. Da safe ta kai wa Madam, Madam ta ga aiki a birkice, ta goge, ta sa ta sake. Hannun da ya kwana yana tafiya hagu sai ya ɓata a aji ma. Madam tana da katakon ja layi, da shi take taɓa yatsun wanda ya ɓata. Ni kuma ina da karan rubutuna. In na ga hannun ya zame ya nufi kusurwar hagu, sai in sauke masa kara a bayan yatsu. Ba da ƙarfi sosai ba, haka nake gaya wa kaina. Amma kullum ne.

Wata rana ta kawo mini takarda a ninke daga Madam. Uwarku tana tsaye, Iya tana zaune. Na buɗe na ƙura mata ido kamar mai karatu, na ninke na sa aljihu.

Uwarku ta ce, “Malam, mi anka ce?”

Na ce, “Cewa anka yi ta ƙara himma.”

Ko harafi ɗaya ban gane ba a ciki. A kasuwa akwai mutum goma da za su karanta mini, amma Malam Idi mai rubuta wa mutane wasiƙa ba zai miƙa takarda a karanta masa ba. Ta kwana uku a aljihuna, ranar wanki ta narke.

Uwarku ba ta yarda ba. Ba ta gaya mini ba ta ɗauki mayafi ta tafi lakwal. Akwai wata Talatu mai sayar da wake da shinkafa a bakin ƙofa, ta zauna Kwatano tana jin Faransanci, ita ta yi musu tafinta. Da na dawo na iske uwarku ta ajiye mini abinci ta zauna nesa kaɗan, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, “Na tahi wajen Madam.”

“Da iznin wa?”

“Ta ce yarinyar nan ta fi kowa kama abu da kunne. In anka yi waƙa ita ka fara riƙewa. Ta ce hannun ne wani ke juyawa a gida. Ta roƙi a bar mata hannun shekara guda, in ya zauna, a koya mata na Larabci, ba abin da zai ɓace.”

Na ce, “Wani? Ni ne wani a gidana?”

Ta ce, “Malam, ɗiyar fari ce, bai kamata a ji bakina a kanta ba. Amma ni ke wanke mata hannu. Ka duba yatsunta.”

Ban duba ba. Na ture kwanon na fita. Maganar Madam gaskiya ce, mai sauƙi kuma, shekara guda kawai ta roƙa. Da daga bakin wani dattijo ta fito a masallaci da na karɓa. Amma ta fito daga bakin baƙuwa, ta bi ta bakin mai wake da shinkafa, ta iso ta bakin matata, sai na ga in na yarda na faɗi a gaban mata uku.

Daga nan yarinyar ta daina gudu in an tashi lakwal. Ta daina yi mana Madam a tsakar gida. In na ce a kawo arduwazi sai ta tsaya neman soso, ta tsaya neman alli, alhali suna hannunta. Allin ma jiƙewa yake yi a tafinta saboda gumi, ya ƙi kama allo, in ce da gangan ne.

Ranar da ba na mantawa wata Laraba ce, da yake ba a komawa lakwal da yamma. Na ba ta aiki na shiga alwala. Da na fito na iske ta rubuta, amma ba daga dama ba, ba daga hagu ba. Ta fara daga tsakiyar arduwazi daidai. Haruffa ƙanana, a cunkushe, wani bisa wani, sun taru wuri ɗaya kamar tumakin da ruwa ya tsare. Gefen dama fili, gefen hagu fili.

Na ce, “Ke, wannan fa?”

Ba ta ɗago ba. Ta sa yatsa a gefen hagu ta ce, “In na faro nan, kai ka buga.” Ta mayar da yatsan dama. “In na faro nan, Madam ta buga.” Sannan ta dafa tsakiya. “Nan ba na kowa ba ne.”

Iya da ke gyaran ƙuli a bakin ɗaki ta ajiye tire ta shige ciki. Yarinya ’yar shekara bakwai ta gaya mini duk abin da ya kamata in sani, cikin magana uku. Ban buge ta ba ranar, amma abin da na yi ya fi duka muni. Washegari na kai maganar kasuwa. Na ba da ita labari a rumfa, ina kwaikwayon muryarta, “nan ba na kowa ba ne”, mutane suna riƙe ciki. Alhaji Sanda har da hawaye. Na sayi dariyarsu da ita don su daina yi da ni. Kafin sati ya zagayo maganar ta iso unguwa, yara suna bin ta a hanyar famfo suna kiranta Ta-tsakiya.

Da zafi ya shigo, ’yan ajinsu suka hau takarda. Madam takan bi layi tana duba arduwazi, wanda hannunsa ya zauna ta ce gobe ya zo da kaye da bik. Kullum yarinyar takan dawo ta gaya wa uwarta wanda aka ce wa yau. ’Yar gidan mai faci, ɗan gidan liman, har wani yaro da ta ce bai san sunan ranaku ba. Ita ba a ce mata ba. A lokacin hannun ya fara rawa. Da ta ɗauki alli sai ya kama kaɗawa tun daga wuyan hannu, layi ya fito kamar sawun tsutsa. Tana ɗaukar tulu lafiya, tana tsinke zogale lafiya, tana sa wa Iya zare a allura. Alli kaɗai. Uwarku ta kai ta wajen mai magani aka ba da rubutu ta sha, ni ma na rubuta mata nawa na wanke na ba ta. Da hannun da ya jawo ciwon na rubuta maganin, ban ji kunya ba.

Gab da hutun ƙarshen shekara Madam ta zo da kanta. Ba gida ta zo ba, an gaya mata ba na wuni a gida, sai ta biyo ni kasuwa, ita da Talatu, tana riƙe da hannun yarinyar. Ana cikin lodi, rumfa cike da ’yan dako da direbobi. Mace ce ƙarama, takalminta duk ɓawon albasa. Ta gaishe ni da ladabi, ta yi magana mai tsawo, Talatu tana juyawa.

“Ta ce ita ma ta yi kuskure, ta buga yatsun da ba su da laifi, ba ta gane da wuri ba. Ta ce ta ajiye katako a kan wannan yarinya. Ta ce ka bari ta maimaita aji, za ta zaunar da ita gabanta, su koma kan sanduna daga farko. Abu guda take roƙo, kada kowa ya taɓa mata arduwazi a gida.”

Madam ta sa hannunta na hagu ta kama wuyan nata na dama ta ɗaga mini, ta faɗi kalma guda ta Hausa da ta koyo don ni. Ta ce, “Haƙuri.”

’Yan dako suka tsaya da lodi. Ina jin idon Alhaji Sanda a ƙeyata. Matar nan ta amsa laifinta a gaban ’yan dako, ta buɗe mini ƙofa in amsa nawa, ba abin da zai ci ni sai in ce to. Na dubi tawadar da ke hannuna, na dubi mutane, na ce wa Talatu:

“Gaya mata ta daina wahal da kanta. Yarinyar ba ta da kai. Ni malami ne, na gwada ta a gida, ba ta ɗauka. Ta zauna ta taya uwarta aiki.”

Talatu ta yi jim, ba ta juya ba. Madam ta taɓa ta, sannan ta faɗa a hankali. Amma yarinyar ba ta bukatar tafinta. Tana tsaye tsakaninsu cikin kakinta, ta ji da Hausar ubanta. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi buhun da nake rubutawa, ta sunkuyar da kai.

Da na koma gida uwarku ba ta yi faɗa ba. Tana ninke kakin ta ce, “Malam, ka san ba haka ba ne.” Na ce an gama magana. Ta ce, “An gama.” Ba ta sake tayar da ita ba har ta koma ga Allah, kuma ban taɓa ce mata ta yi gaskiya ba. Wannan ma yana cikin abin da nake ɗauke da shi.

Kada ku zaci na cire ta daga boko na ba ta ajami. Na gwada sau biyu ko uku, hannun yana rawa a kan allon katako kamar yadda yake yi a kan arduwazi, sai na bari, don ganinsa yana tuna mini. Ta je makarantar allo ta unguwa ta haddace abin da ta haddace da kunne, wasu ke rubuta mata. Da ku kuka taso na kai ku lakwal ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa leƙa arduwazin kowa ba. Kuna ɗauka sakaci ne ko yarda da malamai. Tsoro ne. Kuma da kuka yi ta wucewa aji zuwa aji, sai mutane suka ce, ai ga shi, ƙannen duk sun yi, ita ce dai Allah bai ba ba. Ita ke wanke muku kaki, ita ke raka ku bakin titi.

Allah bai bar ni haka ba. Zamani ya juya, direbobi suka zama yaran kudu da ba su karanta ajami, masu albasa suka koma son a sa musu suna da lambar waya da boko. Aikina ya ragu har ya kusa ƙarewa. Gemuna ya yi fari lokacin da na shiga ajin manya da ake yi da Hausa a wata rumfa bayan tasha. Mai koya mana wata yarinya ce sa’ar autarku. Ranar farko ta raba mana arduwazi ta ce mu yi sanduna. Na yi dariya na ce ni marubuci ne tun ba a haife ta ba. Ta ce, “To Baba, rubuta mu gani.” Na ɗora alli, hannuna ya tafi kusurwar dama da kansa. Ta mayar da shi. Ya koma. Wata uku muna haka. Ina sane, ina kallon ɗigon da ta sa mini a hagu, ina gaya wa hannun ga inda za ka, shi kuma yana zamewa. Gumi yana keto mini a gaban ’yan ajinmu, matan da ke sayar da kifi. Ba mai duka na, ba mai jirana a gida da kara, ba mai kai labarina kasuwa, amma sai da na yi kusan bari. Wata rana na ce mata kaina ne ya tsufa. Ta ce, “Ba kai ba ne, Baba, hannu ne. Hannu hanya guda yake iya koyo a lokaci guda. In an bar shi ya zauna, sai ya ɗauki ta biyu.” Na ajiye allin na fita bayan rumfa, na daɗe ban dawo ba.

Sai da na iya rubuta layi cikakke sannan na samu ƙarfin zuwa wurin Zalika. Na hau kabu-kabu zuwa Madekali, inda take aure cikin dangin uwarta. Na iske ta tana shanya shinkafa a tsakar gida. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Na ce ta zauna, ta tsuguna nesa. Na faɗa mata duka, takardar da ban karanta ba, dariyar rumfa, ƙaryar da na yi a gaban Madam. Na kira sunanta, karo na farko a gabanta. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, “Baba, ai ya wuce. Na yafe tun tuni.”

Ta faɗe shi da sauri, tana kallon shinkafa, tana kora kaji da hannu. Na ce akwai ajin manya, zan riƙa zuwa in ɗauke ta, tare za mu zauna, ni ma ɗalibi ne.

Ta yi murmushi ta ce, “Ko a likita in sunka miƙo mini bik in sa hannu, tafina jiƙewa shikai. Sai in ce su kawo tawada in dangwala. A bar shi haka nan, Baba.”

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da sabon kaye. Na ɗiyarta Hadiza ne, wadda ta shiga lakwal bayan daminar nan. Ta ce an ce a rubuta sunan yarinya a bangon kayen, uban yana gona, ita kuma ga ta. Ta miƙo mini da hannu biyu. Na rubuta a hankali, harafi bayan harafi, tana tsaye a kaina tana kallo.

Muna haka Hadiza ta shigo da gudu cikin kaki, ta faɗa jikina ta ɗaga mini arduwazi. Ƙugiyoyi ne, layi biyu, wasu sun karkace. Ta ce, “Kaka, duba.” Na ga ɗaya ta juya baya. Wallahi ba da nufin komai ba, hannuna ya miƙa zai kama nata ya gyara.

Zalika ta ce, “Baba.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta matso ta zare arduwazin daga tsakaninmu, ta rungume shi a ƙirji, ta ce wa yarinyar ta je ta wanke ƙafa. Sannan ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama.

Ta ce, “Ka ci abinci, ka kwana in kana so. Amma wannan a bar wa madam ɗinta.”

Na ce to. Na janye hannuna na sa shi ƙarƙashin cinya, haka na zauna har aka kawo tuwo.

Ku duka za ku karanta wannan da idonku, kowa a ɗakinsa. Wadda ta fi ku haƙƙi a kansa sai an karanta mata. Wanda ya fara zuwa Madekali a cikinku ya tafi da shi, ya tambaye ta ko tana son ji. In ta ce e, ya karanta duka, kada ya tsallake wurin rumfa don ya rufa mini asiri. In ta ce a’a, ya ninke ya dawo da shi, kada ya matsa mata.